Rufin Gidan Gishiri

Malam Barau ya shekara arba'in da biyar a Madina, amma a cikin duk masu gaishe shi a unguwar Jurf babu wanda ya san ya taɓa sa kakin soja. Abin da aka sani, tsohon magini ne da ya zo tun kafin a rushe tsofaffin gidajen da ke kewaye da Harami, ya yi ta aiki har ya zama mai duba leburori, sannan gwiwa ta zaunar da shi. Matarsa Rabi tana kwance a maƙabartar Baƙi'a shekara tara ke nan. Shi kuma yana ɗakin ƙarshe a shaƙƙar 'yarsa Najiba, wato sashenta na gidan bene, hawa na uku, ɗakin da tagarsa ke kallon bangon maƙwabta.

Ba a rage shi da komai ba a gidan. Najiba tana aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwar Aƙiƙ, tana fita da sassafe. Mijinta Sufyan yana jigilar baƙi tsakanin Madina da Makka, sai ya kwana uku ba a gan shi ba. Jikokin suna jin Hausa sarai, da Larabci dai suke amsawa, kuma idan ya ɗauko labari sukan saurara cikin ladabi har shi da kansa ya ga gara ya taƙaita. Yawancin yini shi kaɗai ne da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki.

Mutum ɗaya ne ke kiransa don kansa. Zakiru, daga Funtuwa, kowace Juma'a bayan an sauko masallaci. Tare suka yi yaƙin basasa a rundunar injiniyoyin soja. Hirarsu ba ta wuce ciwon ƙafa, ruwan sama, da wane ya rasu.

Wata Juma'a, bayan sun gama gaisawa, Zakiru ya yi gyaran murya.

"Akwai baƙuwa tafe wurinka. Ta zo umara, tana Madina yanzu haka."

"Wace ce?"

"'Yar Laftana Lawali. Wadda aka haifa bayansa."

Barau ya mai da wayar ɗaya kunnen.

"Ta nemo ni har gida," in ji Zakiru. "Kabarin take tambaya. Na ce mata ni haƙa kawai na yi, kai ka auna wurin. Na ba ta lambarka."

"Da ka tambaye ni tukuna."

"Da na tambaye ka, da ka ce a'a."

Ranar Talata bayan la'asar ta zo. Sunanta Hajiya Azumi, mace doguwa mai tabarau, ta yi shekaru tana shugabar makarantar 'yan mata a Zariya kafin ta yi ritaya. Najiba ta shigo da ita falo, ta ajiye musu gahawa da dabino, ta koma kicin. Barau ya dubi baƙuwar sau ɗaya ya kawar da ido. Goshin nan mai faɗi na Laftana ne, har da yadda take karkata kai idan za ta saurara.

"Baba, ba zan cinye maka lokaci ba," in ji ta.

"Lokaci shi ne abin da na fi da yawa, Hajiya."

Ta ciro waya daga jaka ta miƙa masa. Bara ta je wurin da aka binne mahaifinta, ta ce, ita da ɗanta. Kwana biyu a mota, sannan awa uku a kwalekwale mai inji. Barau ya kusanto da wayar fuskarsa. Da farko ruwa kawai ya gani, ruwan toka mai faɗi. Sai hoton bidiyon ya juya, ga bango nan tsaye a tsakiyar ruwa, ya yi baƙi, kawa, ƙumbar nan ta teku, ta manne a gindinsa, tsuntsaye a jere a kansa. Kusurwar nan mai tsini tana nan yadda suka bar ta.

"Teku ya cinye gaɓar," in ji Azumi. "Masunta sun ce idan ruwa ya janye ana iya takawa. Amma ban san inda zan tsaya ba. Na zagaya bangon sau uku, na yi addu'a ina fuskantar ko'ina."

Barau ya sake kallon hoton daga farko. Sannan ya ajiye wayar a kan kafet, ya fara ba ta labari, a hankali, kamar mai lalube a ɗakin da ya daɗe bai shiga ba.

Yana ɗan shekara ashirin da biyu lokacin. Ɗan gidan magina ne a Bakori, kuma ranar da ya shiga soja aka tambaye shi sana'arsa ya ce gini, sai aka tura shi cikin injiniyoyi. A daminar 1968 aka sauke su, mutum talatin da 'yan kai, a wani tsibiri a bakin kogi, daidai inda yake shiga teku. Babu komai a wurin sai laka, sauro, 'yan bishiyoyin kwakwa, da itatuwan nan masu saiwa a waje. Akwai kuma wani tsohon sito na jan bulo da 'yan kasuwar Turawa suka taɓa tara gishiri a ciki, rufinsa ya daɗe da zubewa. Sojoji suka sa masa suna Gidan Gishiri. Umarnin da aka ba su shi ne su mai da shi ganuwa, a girke igwa biyu, kada jirgin da ke ɗauke da makamai ya shiga kogin.

"Mahaifinki ne shugabanmu. Shekararsa ashirin da shida. Ya taɓa zuwa Gana kwas, ya ga tsofaffin ganuwoyin da ke bakin teku can, to ba shi da hira sai tasu. Ya ce mana bango ba ya miƙewa sak idan igwa zai tara, sai an kwantar da shi kaɗan. Ya ce kusurwa a yi ta da tsini, don kada a sami gefen da mai gadi ba ya gani. Mu muna ta dariya, muna cewa Laftana zai gina wa ƙwaguwa fada."

A bayan takardar buhun siminti Laftana ya koya masa karatun zane. Kafin nan Barau da ido yake gini, kamar ubansa. Yashin teku kuwa sai da suka yi ta wanke shi da ruwan sama a cikin rabin durom, saboda Laftana ya ce gishiri yana cin rodi. Wata biyu suna wannan aiki, ana harbo su daga hayin kogi jefi-jefi.

Abu na ƙarshe shi ne rufin ɗakin igwa. Kankare mai kaurin ƙafa biyu, suka zuba shi cikin yini guda, suka tokare shi daga ƙasa da katako arba'in. Laftana ya rubuta kwanan wata da alli a bango, ya ce mako uku kada wanda ya taɓa katakon.

A kwana na tara saƙo ya zo ta rediyo. Bataliya guda za ta sauka tsibirin jibi, kwatar da jirgi zai tsaya ta ruɓe, a gyara ta. Katako mai kauri kuma babu shi a duk tsibirin sai wanda ke ƙarƙashin rufin. Laftana ya yi gardama a rediyo har muryarsa ta dushe, bai yi nasara ba. Sai ya shiga ɗakin da alli, ya kusa awa guda yana dubawa yana lissafi, ya sa alama a kan sha huɗu.

"Ya ce mini, 'Kofur, sha huɗu. Ko ɗaya kada a ƙara.' Muka cire sha huɗu muka kai kwata."

Barau ya ɗauki kofin gahawa, ya ga babu komai a ciki, ya mayar.

"Hajiya, me aka gaya wa mahaifiyarki?"

"An rubuto mata cewa harsashin igwa ya sauka a kan ɗakin da yake ciki."

"Bai sauka a kan ɗakin ba."

Ta karkata kai.

"Da muka kai katakon, sai ya zama saura gurbi ɗaya a ƙarshen kwata, katako biyu ake nema. Hafsan da aka turo don saukar bataliya ya tasa ni gaba yana zagi, ya ce idan jirgi ya zo babu wurin takawa ni zai ɗaure. Laftana yana can ɗaya gefen tsibirin. Na ji tsoro, wannan gaskiya ne. Amma ba tsoro kaɗai ba ne. Na riga na ƙwanƙwasa kankaren da guduma, na ji yana amsawa kamar busasshe, na ce a raina ni ɗan magina ne, na fi takarda sanin gini. Da rana tsaka ana cin abinci na koma ni kaɗai, na buge guda biyu ta gefen tagar da ke kallon teku. Ban gaya wa kowa ba."

Daga kicin ana jin ƙarar tukunya, da muryar Najiba tana magana a waya da Larabci.

"Washegari da safe ya shiga duba rufin, kamar yadda ya saba. Sai aka fara harbi daga hayi. Harsashin a laka ya faɗa, ya kai taku talatin daga bango. Ƙasa ce kawai ta girgiza. Rufin ya karye daidai gefen tagar nan. Shi kaɗai ne a ciki. Sai bayan la'asar muka kai gare shi." Ya shafa gwiwarsa. "Bataliya ta sauka lafiya. Mutum ɗari huɗu suka taka katakon nan biyu, ina tsaye ina kallo."

Azumi ta cire tabarau ta riƙe a cinya. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon faifan dabinon.

"Da ba ka cire ba, da rufin ya tsaya?"

"Ban sani ba. Na zuba rufi fiye da ɗari a garin nan, na yi aiki da injiniyoyin Masar da na Turkiyya, na koyi lissafin sosai. Na sha zama in sake yin sa. Wata rana ya nuna mini da ya faɗi ko ban taɓa ba, tunda kwana tara ne. Wata rana ya nuna da ya riƙe."

"Innata ta rasu tana cewa igwa ce."

"Igwa ce. Da ni."

Ta mai da tabarau. Da ta sake magana, muryarta irin ta wadda ta saba yi wa aji bayani ce, ba sama ba ƙasa.

"Baba, ban zo da shirin jin wannan ba. Ba zan ce maka komai a kai yau ba, don duk abin da na faɗa yanzu na baki ne kawai."

"Haka ya kamata."

"Amma ina da tambaya. Hotonsa ɗaya muke da shi, yana tsaye ƙiƙam cikin kaki. Yaya muryarsa take?"

Barau ya shiga lalube a ransa. Ya tuna hannun Laftana, bahago ne, da alli kullum a tsakanin yatsu. Ya tuna yadda yake jiƙa garin rogo da ruwan kwakwa ya ce ya fi shayi, da yadda yake cire takalmi ya zazzage kafin ya sa saboda kunama, ko da yake babu kunama a tsibirin. Duk ya gaya mata waɗannan. Muryar ce ya nema ya rasa. Kalmomin suna nan, amma idan ya jiyo su a kansa da tasa muryar yake jin su.

"Ta ɓace mini," ya ce. "Ki yi haƙuri."

Ya tashi da kyar ya shiga ɗakinsa, ya dawo da fensir da tsohuwar kalanda, ya juya bayanta a kan tebur.  Ya zana sito, ya zana kusurwa mai tsini, ya zana bangon baya. Ya nuna mata cewa bangon baya yana da ƙarshe biyu ta gabas: akwai ƙafar bango da suka ƙara daga baya don ta tokare shi, akwai kuma ainihin kusurwar tsohon bulo, ƙafa goma kafin a kai ƙarshen ƙafar bangon. Daga tsohon bulon za a fara awo. A bi layin bango sak, ƙafa sittin da takwas, sannan shida zuwa hagu.

"Akwai bishiyar kwakwa a kansa da, na ga babu ita a hotonki. Da kamfas ɗinsa muka nemo alƙibla. Zakiru ne ya yi mana limanci, shi ya fi mu karatu."

Ta naɗe takardar a hankali ta sa a jaka. A bakin ƙofa ta durƙusa kaɗan ta yi masa sallama kamar yadda ake yi wa uba, ta sauka. Ya tsaya yana jin takunta har ƙofar ƙasa ta rufe.

Najiba ta fito tana goge hannu.

"Abuya, wace ce wannan? Ko gahawar ba ta sha ba."

"'Yar maigidana ce."

"Na sharika, kamfanin ginin da ka yi wa aiki?"

"A'a. Kafin sharika."

Ta tsaya kamar za ta ƙara tambaya, sai wayarta ta yi ƙara, daga asibiti ne. Ta ɗaga masa hannu alamar tana zuwa, ta shige ɗaki. Maganar ba ta sake tasowa ba.

Da Juma'a ta zagayo, Barau bai jira gaisuwa ta ƙare ba ya gaya wa Zakiru abin da ya gaya wa Azumi. Zakiru ya saurara har ƙarshe.

"Na sani," ya ce.

"Ka san me?"

"Ni ke gadi a kan ganuwa ranar. Na gan ka ka fito da su ɗaya bayan ɗaya, kana ja a laka."

"Shekara hamsin da shida, Zakiru."

"To me zan ce? Ni ma da na gan ka ban yi magana ba. Da na sauko na gaya wa Laftana da yamma, da bai shiga ba." Ya yi tari. "Ana ruwa a nan tun jiya. Masara ta yi kyau bana."

Sau huɗu suka ƙara waya bayan wannan, kowace ta fi ta baya gajarta. A Juma'a ta biyar lambar Zakiru ce ta kira, amma babbar 'yarsa ce ke magana. Ya rasu ranar Laraba, ta ce, bayan jinyar kwana uku. Barau ya yi mata ta'aziyya, ya tambayi inda aka kai shi, ya ajiye wayar. Washegari bayan asuba, da aka kawo gawarwaki Harami, ya bi sahun sallar jana'iza ya sa Zakiru a cikin niyyarsa, ya dawo gida a motar haya bai gaya wa kowa ba.

Sai da sanyi ya shigo Madina saƙon Azumi ya zo, da hantsi, gidan babu kowa. Saƙon murya ne da hoton bidiyo.

"Baba, barka da hantsi. Mun koma, ni da ɗana, mun sami ruwa ya janye. Mun auna yadda ka zana. Ba mu ga komai ba sai laka, amma na tsaya a wurin, na yi masa addu'a ina fuskantar alƙibla. Na gode." Ana jin iska a bayanta. "Ɗaya maganar kuma, na yi ta juya ta. Autana ya girmi yadda kake a lokacin, kuma har yau ni ke tuna masa ya kulle mota. Nawa haƙƙin, na rashin uba, na yafe maka. Nasa ba a hannuna yake ba. Allah Ya sa mu cika da imani."

Ya saurara sau biyu, sannan ya buɗe bidiyon. Ga ɗanta, ƙato mai gemu, ya naɗe wando zuwa gwiwa yana jan igiyar awo a laka, wani masunci yana riƙe da ɗaya bakin. Barau ya tsayar da hoton, ya kusanto da shi. Masuncin yana tsaye ne a ƙarshen ƙafar bangon da suka ƙara. Tsohuwar kusurwar bulo ba ta ma bayyana, kawa da laka sun haɗe ta da sauran ginin. Sun wuce kabarin da ƙafa goma.

Ya bar hoton ya ci gaba. Azumi ta taka laka da ƙafa ba takalmi, ɗanta yana riƙe da gwiwar hannunta, ta tsaya inda aka kafa sanda ta ɗaga hannuwa. A bayanta kaɗan, wurin da Barau ya san nan ne kabarin, wani farin tsuntsu yana tsattsagar laka.

Ya daɗe zaune da wayar a hannu. Ya tuna kwana biyun mota, da awa ukun kwalekwale, da shekarun matar. Ya danna wurin ɗaukar murya, ya saki da wuri saƙon ya tafi babu komai a ciki. Ya sake dannawa, ya riƙe da kyau.

"Hajiya, na ji saƙonki, na gode, Allah Ya saka da alheri. Na ga hoton. Wurin ke nan. Ki gaishe da yaron, ya iya riƙon igiya."

Aka kira azahar a masallacin unguwa. Ya yi alwala, ya ɗora rigar sanyi a kan jallabiya, ya ɗauki sanda. Na'urar hawa bene ta tsaya tun safe, sai ya bi matakala, yana hutawa a kowane hawa.